Wa Ya Ba Ki Labarina? Waiwaye Kan Labaran Duhu A Bakin Mata



A farkon shekarar 2004 surukata, Allah Ya jiƙanta da rahama, ta yi wata biyu cur ba ta ci abincin da na dafa ba. Gida ɗaya muke a cikin garin Sakkwato, ba mu yi faɗa ba, kullum da safe zan durƙusa in gaishe ta, ta amsa da fara'a, amma da na kai mata kwano sai ta ce a ajiye. In na koma ɗauka sai in tarar da shi yadda na kai shi, ko an ba almajirai. Hatta fura, wadda ita ce abincinta na rana, sai ta koma aikawa ana sayo mata a waje.

Dalilin abin wani ɗan littafi ne da na fitar a ƙarshen 2003, mai ɗauke da gajerun labarai guda uku. Kamar yadda muka saba a lokacin, na rubuta shi a littafin makaranta mai layi-layi, na kai Kano aka buga, aka ɗauro mini shi a mota, na rarraba wa masu sayar da littattafai a babbar kasuwa da masu shagunan haya. Labari na farko da na uku babu wanda ya taɓa yi mini maganarsu. Na tsakiyar ne ya jawo mini. A cikinsa wata mata ce take ba da labari da bakinta, ban ma sa mata suna ba. An aurar da ita tana da shekara 14, ta yi shekara 11 tana shan duka da yunwa da gori, duk lokacin da ta yi yaji a mayar da ita a ce ta yi haƙuri. Ranar da mijin ya ce zai ba abokin cinikinsa 'yarta ta fari, sai ta dama masa fura da maganin ɓera. Ta faɗi yadda ta yi ba tare da muryarta ta yi rawa ba, kuma labarin ya ƙare tana zaune a kan tabarmar takaba, mata suna shigowa suna yabon haƙurinta. Ba ɗan sanda, ba hauka, ba tuba.

Surukata ba ta karatun boko. Wata jikarta ce ta karanta mata shi da dare. Da maigidana ya je yi mata magana, abin da ta ce masa shi ne, "Ni ban ce ta yi wani abu ba. Amma mi ya sa tac ce 'ni'? In ba ita ta ba, mi ya hana ta ce wance?"

Mun sha dariyar wannan magana daga baya, har da ita kanta. Amma tambayar tata ta fi duk sharhin da na taɓa karantawa a kan rubutunmu, kuma ita ce ta sa na yi ta bin tsofaffin littattafai ina neman inda abin ya samo asali.

Irin wannan labari yana da suna a ƙasashen Turai. Faransawa suna ce masa "nuwar", wato baƙi, tun daga wani jerin littattafan laifi da kamfanin Gallimard ya fara fitarwa a birnin Faris a 1945. Ni labarin duhu nake kiran sa. Bambancinsa da labarin ɗan sanda shi ne, a na ɗan sanda kana bayan mai neman ɓarawo, a na duhu kuwa kana cikin zuciyar mai laifin, kana jin dalilinsa, kuma sau da yawa ba a gyara komai a ƙarshe. Waɗanda suka yi sakandare a zamaninmu sun san ɗanɗanonsa daga littattafan James Hadley Chase da muke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Sai dai a waɗancan littattafai kusan kullum namiji ne ke magana. Macen tana nan, kyakkyawa, maƙaryaciya, ita ce sanadin halakarsa, amma daga bakinsa muke jin ta. Shahararren littafin nan na James M. Cain ɗan Amurka da ya fito a 1934, wanda wani ɗan yawon duniya ya haɗa baki da matar mai gidan abinci suka kashe mijinta, namijin ne ya ba da labarin yana jiran hukuncin kisa.

Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1934 ne aka buga littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, waɗanda da su ne ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara tafiya da ƙafarsa. Duk maza suka rubuta su, kuma aƙalla uku daga cikin biyar ɗin da "ni" aka ba da labarinsu. Ganɗoki da bakinsa yake kirarin mutanen da ya kashe a fagen fama. Shaihu Umar da bakinsa yake ba ɗalibansa labarin yadda aka sace shi aka kai shi bauta. Ruwan Bagaja kuwa ya fi ba ni mamaki, domin mai ba da labarin sunansa Alhaji Imam, marubucin kuma Abubakar Imam, ga shi littafin cike yake da damfara da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe. Shekara casa'in ana karanta shi a makarantu, ban taɓa jin wanda ya ce Abubakar Imam macuci ne ba, balle a ƙi cin abinci a gidansa. Jiki Magayi na John Tafida da East shi ma labarin ɗaukar fansa ne mai ɗaci wanda bai ƙare da daɗi ba. A 1982 Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda Mailoma, tsohon soja bayan yaƙin basasa, ya tara 'yan ta'adda yana zubar da jini kamar ruwa. An ba littafin kyauta a gasar da gwamnatin tarayya ta shirya, an kuma yi ta nazarinsa a jami'o'i.

Ke nan Bahaushe ba baƙon duhu ba ne a labari, kuma ya daɗe da sanin cewa "ni" ɗin cikin littafi ba lalle ne ya zama marubucin ba. Da mace ta faɗa ne wannan sani yake gudu.

Kada a ce mata ba su saba ba da labari mai ban tsoro ba. Su waye masu tatsuniya? Kakanninmu ne da gwaggonninmu. Mai karatu ya tuna abin da ke cikin tatsuniyoyin da aka yi masa yana yaro: kishiyar uwa ta tura marainiya rafin da ba a dawowa, Dodo ya haɗiye amarya, kishiyoyi sun sa Ta-kitse aiki a gaban wuta har ta narke. Wallahi da za a rubuta wasunsu yau a sa suna da lambar waya a baya, da an kai ƙarar marubuciyar. Amma tatsuniya tana da katanga biyu. Ta farko, kullum "wata mata ce", a wani gari da ba a san shi ba. Ta biyu, in an gama sai mai tatsuniyar ta yi ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo ƙaryar, ta kakkaɓe zanenta. Duk baƙin cikin kishi da ta zuba a ciki ya fita daga cikinta, kuma ba wanda zai ce ita ce.

A nan Sakkwato muna da wata hanyar ta daban, wadda muke alfahari da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma a cikin waƙoƙinta akwai masu siffanta tashin Ƙiyama da azabar wuta yadda sai jikin mutum ya yi sanyi. Jajojinta, da malfunansu, su suka riƙa kai wa matan ƙauyuka waɗannan waƙoƙi ta hanyar 'Yan Taru. Ita ta yi magana da sunanta, ba ta ɓuya bayan Gizo ba. Amma tana magana ne daga mazaunin malama mai gargaɗi, tana faɗa wa mai laifi abin da ke jiransa. Wannan murya mutanenmu sun karɓe ta hannu bibbiyu, har gobe ana zuwa Hubbare ana yi mata addu'a. Kuma da wannan ma'auni ake auna duk macen da ta ɗauki alƙalami a garin nan. An sha ce mini, "Ke da kike garin Nana, wannan ne abin da za ki rubuta?"

Mace ta farko da na sani wadda ta zauna ta ba da labarin rayuwarta da "ni", da daɗinsa da ɗacinsa, har ya zama littafi, ita ce Baba ta Karo. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta riƙa ba Baturiya Mary Smith labari a Giwa ta ƙasar Zazzau: hare-haren kamun bayi da fansar dangi, aurenta huɗu, rashin haihuwarta, karuwai da 'yan bori da yadda matan aure ke yin samari a ɓoye. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a Landan da Turanci a 1954. A lura da wannan: baƙuwa ta ba labarin, a wani harshe aka buga shi, kuma ba ta raye lokacin da ya fito. Maƙwabtanta ba su karanta ba. Da sun karanta, Allah kaɗai Ya san abin da za su ce.

Sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin mace na farko, So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya. Mu Sakkwatawa muna ɗan jan ta jikinmu, domin ta daɗe zaune a Gusau, kuma Gusau tana cikin Jihar Sakkwato har 1996. A tsakiyar shekarun 1980 Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, daga nan ƙofa ta buɗe. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Duk wanda ya kira waɗannan littattafan soyayya bai karanta su ba. Labarin Rabi da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta saboda Delu, ko na Abu da aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma, ina soyayya a nan? Ta sha suka ƙwarai, kuma da yake ita kanta ta sha faɗa cewa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai mutane suka riƙa karanta littattafanta suna neman ta a ciki. Amma ko ita, a Alhaki, ta bi ƙa'idar da masu karatu ke so: wanda ya yi zalunci ya ga sakayya tun a duniya. Sunan littafin ma ya faɗa.

Sunan da ake kiranmu da shi kuwa, daga garin nan ya fito. Malam Ibrahim Malumfashi, wanda yanzu farfesa ne, yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo lokacin da ya raɗa wa rubutunmu Adabin Kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica. Aka yi ta tafka muhawara a jaridu, musamman a filayen adabi da Ibrahim Sheme ya riƙe. Abdalla Uba Adamu ya shigo yana kare marubutan a 1999, Yusuf Adamu ya ce a kira shi adabin Hausa na zamani. Na karanta abin da ya zo hannuna daga cikin muhawarar, wasu da ƙamus a gefe saboda Turancin ya fi ƙarfin na sakandare. Abin da na lura shi ne, malamai maza ne suke magana da junansu a kan ko littattafan suna ɓata 'yan mata. Su 'yan matan da matan auren da ke biyan naira biyar su yi hayar littafi na kwana ɗaya, ba a jaridar suke magana ba. A wasiƙa suke magana, domin a bayan kowane littafi muna sa adireshi, daga baya da wayar salula ta shigo a 2001 muka koma sa lamba.

Kafin in zo kan wasiƙun, dole in faɗi abin da ya sa na rubuta wancan labari da "ni". A watan Oktoba na 2001 wata kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa saboda cikin da ta samu bayan aurenta ya mutu. Namijin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi don babu shaidu. A ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta. A watannin nan duka babu gidan da ba a maganarta a garin nan: a gidan biki, a wurin kitso, a rediyo, har da Turawa da suka cika gari da na'urorin ɗaukar hoto. Kowa yana da abin cewa a kanta. A watan Satumba na shekarar aka kai ta Rum aka ba ta takardar zama 'yar birni ta girmamawa, sannan a 2003 wani ɗan jarida ɗan Italiya, Raffaele Masto, ya fitar da littafi da Italiyanci wanda ma'anar sunansa ita ce "Ni, Safiya". Da na ji haka a rediyo sai abin ya tsaya mini a rai. Ga mace 'yar ƙasarmu, mai magana da irin Hausarmu, amma "ni" ɗinta sai a Italiya, ta alƙalamin namiji, a harshen da ko gaisuwa ba ta iya ba da shi. Labarina ba nata ba ne, bai ma yi kama da shi ba. Amma daga nan na ƙudura cewa matar da ke cikinsa ita za ta yi magana, kuma ba zan tsaya a bayanta ina ba mutane haƙuri ba.

To, wasiƙu sun zo, fiye da na duk littattafan soyayyar da na yi kafin nan. Na maza ba su da yawa kuma kusan maganarsu ɗaya ce: ina koya wa mata kisan kai, in ji tsoron Allah. Wani ya ce da shi ne mijina da a ranar zan kwana gidanmu. Wani mai shagon haya a wajen Tudun Wada ya gaya mini da bakinsa cewa ya daina ba matan aure littafin sai 'yan mata, ni kuwa na ce masa ai da ka juya, don 'yan matan ne ba su san komai ba tukuna. A wata makarantar 'yan mata an kama shi a akwatin wata ɗaliba, aka karanta shafin furar a gaban taron safe don a kunyata ta, wanda hakan ya sa ɗalibai ɗari da ɗoriya suka ji labarin kyauta.

Na mata su ne suka hana ni barci. Da yawansu sun yi fushi fiye da mazan, kuma ba kisan ne ya dame su ba. Abin da suka kasa yafe mini shi ne yadda na bar matar zaune lafiya a kan tabarma. "Anti, ina na biyun?" Haka suke tambaya, domin mun saba musu da littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Suna so a na biyu asiri ya tonu, ko ta haukace ta shiga kasuwa tana tona kanta, ko ta tuba ta mutu a kan sallaya. Wata daga Birnin Kabi ta rubuto cewa ta karanta sau huɗu, kuma duk lokacin da ta zo wurin damun furar sai ta ji tana so matar ta yi sauri kada a kama ta, sannan in ta rufe littafin sai ta yi ta istigfari. Ta ce, "Kin sa ni zunubi." Na daɗe ina juya wannan magana. Da na ce "wata mata ce", da ta tsaya daga gefe tana kallo tana Allah wadai. Da na ce "ni", ita ma da "ni" ta karanta, a cikin ɗakinta, da muryar zuciyarta. Ba ni kaɗai kalmar ta kama ba.

Sai kuma wasiƙu guda uku ko huɗu da ba su da suna ba su da adireshi. Ɗaya a takardar da aka yago daga littafin lissafin yaro, layi biyar kacal. Ta ce ita ba ta kashe kowa ba, amma ta taɓa sayen maganin ta ajiye a ƙarƙashin gado wata uku, kullum tana dubawa, har ranar da ta zuba shi a masai. Ta rufe da tambaya: "Wa ya ba ki labarina?" Ba ni da inda zan aika mata amsa.

Ba zan ce duk masu sukar ba su da hujja ba. Wani kawuna, malami ne mai karantarwa a zaure, ya kira ni ya zaunar da ni, bai ɗaga murya ba. Na kawo masa hujjar Ruwan Bagaja, ya yi murmushi ya ce Alhaji Imam wasa yake yi kuma kowa ya san wasa ne, ni kuwa ba wasa na yi ba, shi ya sa ake tsorona. Na ce masa ai ko a Suratu Yusuf an bar matar Azizu ta yi magana da bakinta. Ya ce, "Gaskiya ta, ɗiyata. Amma da tat tashi magana, laihinta ta amsa. Taki hwa?" Ya ce rai ba abin wasa ba ne, kuma labarin da yarinya 'yar shekara 15 za ta karanta ita kaɗai, ba kaka a kusa da za ta ce ƙurunƙus, dole mai rubuta shi ya san nauyin da ya ɗauka. Ban iya ba shi amsa ba a ranar. Shekara goma bayan nan, a 2014, da aka ji labarin yarinyar nan 'yar shekara 14 a ƙasar Gaya ta Jihar Kano da aka gurfanar bisa zargin sa wa mijinta maganin ɓera a abinci, sai da gabana ya faɗi, ko da yake na san ba littafi ne ya aurar da ita ba, kuma maganin ɓera ya riga littafina zuwa kasuwa.

Ga abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Da za a sake buga littafin a 2005, mai sayar mini da shi a Kano ya ce ba zai karɓa ba sai na gyara ƙarshen. Ina da bashin ɗab'i a kaina, ga maganar gida ba ta gama kwantawa ba. Na zauna dare ɗaya na ƙara shafi biyu: matar ta fara ganin mijin a mafarki, ta rame, ta kira liman ta faɗi abin da ta yi, ta mutu tana kalmar shahada. Bugun nan ya fi na farko ciniki nesa ba kusa ba, wasiƙun zagi suka tsaya cak, har wata ta rubuto tana sa mini albarka. Marasa sunan nan kuwa ban ƙara samun ko ɗaya ba. Shafi biyun nan su ne mafi muni a duk abin da na taɓa rubutawa, kuma su suka biya mini bashi.

Ban yi mamaki ba da abin da ya biyo baya a Kano. A watan Mayun 2007 gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya halarci ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A shekarar ce kuma aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa tun 2001, ya nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyar marubuta. Mu na Sakkwato dokar ba ta hau kanmu ba a takarda, amma a Kano muke bugawa, a Kano manyan dillalai suke, don haka ta hau. Sai dai in faɗi gaskiya, ni tun kafin Rabo na tace kaina, da hannuna, a kan tabarmar ɗakina.

A wasu ƙasashen an riga mu wucewa nan. Nawal El Saadawi ta Masar tun a shekarun 1970 ta bar Firdausi, wadda ke jiran rataya a kurkukun mata na Ƙanaɗir saboda ta kashe kawalinta, ta ba da labarinta da bakinta ba tare da neman afuwa ba, ita ma marubuciyar ta sha baƙar wahala a hannun hukuma da masu zafin ra'ayi. A nan gida Nijeriya, a 2018 Oyinkan Braithwaite ta fitar da labarin wata nas a Legas da ke ba da labarin yadda take goge jini duk lokacin da ƙanwarta ta kashe saurayi, aka yi ta ba ta kyaututtuka. Da Turanci ne, surukarta ba sai an karanta mata ba.

Abin da ya sauya mana lissafi shi ne waya. Da littafin takarda ya ja baya, rubutu ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, yarinya tana iya sa sunan da ba nata ba ta rubuta abin da ta ga dama, ba dillali, ba hukuma, ba hoto a bango. An samu shara mai yawa, ban musa ba, har da batsar da ni kaina ba na iya karantawa. Amma an samu muryoyin da a zamaninmu da an shaƙe su tun a wurin ɗab'i. Sannan a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da Sansani, labarin 'yan gudun hijira. A 2020 'yar garin nan, Maryam Umar, tana ɗalibar shari'a a Jami'ar Ɗanfodiyo, ta zo ta ɗaya da Rai Da Cuta, labarin mai juna biyu da mijinta ya kwaso cutar korona ya kuma ƙi yarda akwai ta. A 2021 Aishatu Musa Dalil ta ci da Haƙƙina, labarin yarinyar da mijin uwarta ya yi wa fyaɗe, uwar ta nemi a rufe maganar. A 2022 kyautar ta tsallaka Maraɗi wurin Amira Souley. Irin abin da aka ƙona a 2007 bai kai wasu daga cikin waɗannan ɗaci ba, ga shi ana karanta su a rediyo, maza suna saurare a majalisa.

Duk da haka kada mu yi saurin guɗa. Yawancin labaran da ake yabo, macen da ke cikinsu wadda aka zalunta ce. Mutanenmu sun koyi sauraron mace tana cewa an yi mini. Wadda za ta ce na yi, kuma ta ƙi sunkuyar da kai, har yanzu da wuya a bar ta ta kai shafin ƙarshe da ranta da hankalinta. Bara wata yarinya mai rubutu a waya ta kawo mini labarinta in duba mata, na wata 'yar aiki da ta cinna wa ɗakin uwar ɗakinta wuta. Rubutun ya yi kyau har sai da na ji kishi. Da na kai ƙarshe sai na tarar mota ta kaɗe 'yar aikin a hanyar tasha. Na tambaye ta daga ina motar nan ta fito, ta ce, "Anti, in ban kashe ta ba, 'yan gurup ɗinmu ni za su kashe."

Surukata dai ta koma cin abincina ne ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, babu kowa a gidan sai ni. Na dama mata fura na kai, ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Sha ki ba ni." Na kurɓa na miƙa mata, ta shanye. Bayan ta samu sauƙi ta sa jikar nan tata ta sake karanta mata labarin tun daga farko. Da bugu na biyu ya fito aka karanta mata sabon ƙarshen, sai ta aiko a kira ni. Na zo na durƙusa, ta ce, "Wanga na baya ƙarya ta kinka yi. Waccan mata ba ta kiran liman."